Maigida ya ce in ya dawo zai fasa wayar ya tafi da yaron bin mota

Wata uwa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta turo mana wannan:

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema akan yarona na fari, shekararsa 14 yana aji katriyem (aji uku na sakandare). Gem ya shiga ransa, ana tashi makaranta sai gidan gem na bayan layinmu, in ya dawo kuma sai waya. Makinsa ya sauko daga 13 zuwa 9 cikin 20, magariba takan same shi a can, satin da ya wuce kuma na gano ya cire sefa 2000 a wayata ya sayi abin cikin gem. Ga shi duk abin da ya samu sai ya kwance, ya kwance min rediyo ya kwance rimot, ranar nan ma na tarar da shi da manet (abin riƙewa a hannu a buga gem) guda 3 na mai gidan gem ya baje su a tabarma yana goga musu fensir wai gyara yake. Babansa direban babbar mota ne, Ngawundare zuwa Injamena, ya ce in ya dawo zai fasa wayar ya cire shi daga boko ya tafi da shi yaron mota. Ni bana so amma bansan me zan ce masa ba."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana su baki ɗaya ya sanyaya miki zuciya.

Na karanta saƙonki har sau uku kuma duk karantawa a wuri ɗaya nake tsayawa, wajen fensir ɗin nan da kika saka cikin laifuffukansa. Bari in faɗa miki abin da yake yi a tabarmar. A ƙarƙashin kowane maɓalli na manet akwai wata roba mai ɗan baƙin tabo a gindinta, wannan baƙin sinadarin gawayi ne, shi ke haɗa layuka biyu na wuta a jikin allon ciki idan an danna, toh idan yara suka yi ta dannawa wata da watanni ga zufa ga ƙurar Garwa sai tabon ya goge ko ya yi datti, maɓallin ya daina amsawa. Bakin fensir shima dangin gawayin ne kuma wuta tana bi ta cikinsa, in an goga sai maɓallin ya dawo aiki na wani lokaci. Mu masu gyara mun san wannan dabarar, muna yi. Kinga kenan yaron da bai taɓa zama a shagon kowa ba ya buɗe abu, ya gano inda ciwon yake, ya samo magani da abin da ke cikin jakar makarantarsa, har babban mutum mai sana'a ya yarda ya damƙa masa kayan da yake cin abinci da su guda 3 ya tafi da su gida. Mai gidan gem ba wawa bane, manet kuɗi ne, da yaron ya taɓa ɓata masa ɗaya bazai ƙara ba shi ba.

Na san wannan ba shine ya hana ki barci ba, zan zo kan kuɗin da sallar da makin, ban ɗauke su da wasa ba. Amma ina so ki fara ganin yaron da ni nake gani, dan ni ma ta wannan ƙofar na shigo.

A Marwa na tashi. Wajen 1998 wani maƙwabcinmu mai fatauci zuwa Mubi ya kawo irin gem ɗin nan na Sin mai kaset ruwan ɗorawa, wanda ake rubuta wasa dubu tara da wani abu a jiki alhali in ka shiga 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, akwai Mario akwai na tankar yaƙi akwai na harbin agwagwa mai bindigar roba. Dala biyar, wato sefa 25, muke ba ɗansa mu buga. Toh bindigar nan ita ta hana ni sukuni, ina kwance da dare ina tunani, ba harsashi ba komai da ke fita, ta ina talabijin ta san na saita agwagwar ko na kuskure? Na tambayi manya wani ya ce tsafin Nasara ne wani ya ce in bar shi da shirme. Sai wata rana na lura duk sanda aka ja kunamar allon yana ɗan ƙiftawa. Na kwance bindigar, na sha duka a kai sosai, a ciki na tarar da ɗan gilashi da wani ɗan ƙaramin ido. Shekaru bayan haka na gane ashe bindigar bata harba komai, kallo take. In ka ja kunama allon yana yin baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan wurin da agwagwar take ya zama farin murabba'i, in idon bindigar ya ga farin to ka samu. Shi ya sa ma bata aiki da talabijin na yanzu masu faɗi sai mai tudun baya. Hajiya ranar da na fahimci wannan wallahi ji na yi kamar an ɗage min labule, ashe duk abin da na'ura ke yi akwai mutumin da ya zauna ya tsara shi kuma ana iya bin sawunsa a gano. Daga nan rediyo, daga nan waya, daga nan kwamfuta, yau da wannan sana'ar nake riƙe da gidana kuma da ita nake koyar da yara da yamma. Wanda ya taimake ni kawuna ne, Allah ya ji ƙansa, da ya ga dukan baya hanawa sai ya kawo min mataccen rediyo da sukuddireba ya ce ga naka nan ka bar taɓa na mutane.

Amma bazan rufe ki ba. Mu da muke cika ɗakin nan muna jiran layi muna da yawa, waɗanda gem ya kai su ga wani abu basu cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran sun buga sun girma sun bari, akwai kuma wanda daga gem ya zarce caca har yau bai dawo ba. Saboda haka in wani ya ce miki ki ƙyale shi ai duk masu gem injiniyoyi ne, kar ki saurare shi. Buga gem kaɗai baya koya wa yaro komai sai buga gem. Abin da nake dubawa a wajen yaro shine me yake yi in wasan ya tsaya. Wani in manet ya lalace sai ya buga shi da ƙasa ya nemi wani, wani kuma sai ya juya bayansa yana neman inda kusoshin suke. Naki na biyun ne, kuma irinsu ne in an tare su da kyau suke riƙe abin har tsufa.

Yanzu maganar sefa 2000. Wannan sata ce, a kira ta da sunanta a gabansa, kar a ce ai yaro ne. Wasannin waya irin su Free Fire da PUBG kyauta ake sauke su amma an gina su ne yadda za a yi ta jan ran mai bugawa ya sayi kaya a ciki, riga, bindiga mai ado, lu'ulu'un da ake canzawa, kuma sai a ce masa yau kaɗai ne gobe babu, ga abokai sun saya shi yana nan da kayan farko suna masa dariya. Manya masu gemu ma suna faɗawa balle ɗan shekara 14. Wannan ya bayyana yadda aka yi amma bai wanke shi ba. Ki canza lambar sirrin kuɗin wayarki yau ɗin nan, kar ki ƙara aikensa cire kuɗi da ita, sannan ya biya. Kuma kar ki yafe masa kuɗin ko da ranki ya yi sanyi, kar kuma a cire daga kuɗin karyawarsa. Ki sa a je a samu mai gidan gem a tambaye shi nawa yake ba yaron in ya gyara masa manet, ina kyautata zaton ba ya ba shi ko dala, wasa kyauta yake barinsa ya yi, wanda shine ma yake ƙara zaunar da shi a can har magariba. A ce masa daga yau kuɗi zai riƙa biya ko sefa 200 ne ko 300 a kan kowanne, kuma gida za a kawo kayan. Da wannan kuɗin yaron zai biya ki 2000 ɗinki a hannu, kaɗan kaɗan kina rubutawa yana gani. Ranar da ya cika zai san nauyin 2000, kuma zai san hannunsa na iya kawo halak.

Salla kuwa babu ciniki. Kafin kiran magariba yana gida ko yana masallacin unguwa, ranar da ya saɓa washegari babu gem, ba sai an yi ihu ba ba sai an ɗauko bulala ba, kawai a cika abin da aka faɗa. Yara suna gane dokar da ake cikawa da wacce ake faɗa dan ɓacin rai. Waya kuma a ɗakinki zata riƙa kwana daga isha'i, dan ina da yaƙinin rabin faɗuwar makin nan rashin barci ne, yaron da ya kai ƙarfe ɗaya yana harbi a ƙarƙashin zani me zai ji a aji ƙarfe bakwai da rabi. Ranakun makaranta ni da zan ba ki shawara a ajiye gem gaba ɗaya, Laraba da yamma da Asabar da Lahadi a ba shi awa ɗaya ko biyu bayan ya gama aikin gida da islamiyya, kuma ku yanka wannan tare da shi yana zaune ya amsa da bakinsa. Ki kuma sa wani babba ya leƙa gidan gem ɗin ba tare da sanarwa ba ya ga ko ana ɗora kuɗi a kan wasan ƙwallo, dan wasu wuraren da PES, gem ɗin ƙwallon ƙafa, ake fara caca, ɗari ɗari, kafin a koma ta ƙwallon gaske. In ana yi a can to ya bar zuwa kwata kwata, gyaran ma a nemo masa wani.

Akwai matakin da abin ke zama ciwo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin cututtuka a 2019, alamarsa mutum ya kasa tsayawa ko yana so, ya fifita gem a kan ci da barci da karatu da mutane, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a ɗauki kamar shekara ana haka. Daga abin da kika rubuta ban ga ya kai nan ba, yaron da ke ajiye wasa ya zauna gyara hankalinsa na hannunsa. Amma in kun sa doka wata biyu uku kika ga yana fasa kaya, baya cin abinci, ya daina kula kowa, to a kai shi asibiti a yi magana da likita, ba abin kunya bane.

Toh an rage gem, me za a zuba a gurbinsa, dan in aka bar wurin fanko komawa zai yi. Abu na farko hannunsa. A nemo masa matattun kaya nasa na kansa, tsohon rediyo, tocila mai caji, rimot, 'yar Nokia da ta mutu, duk gidan da kika shiga a dangi akwai su a ƙasan gado. A saya masa ƙananan sukuddireba da mitar gwajin wuta, in ya ɗan kwana biyu a ƙara masa ƙarfen liƙi da dalma. Sharaɗi biyu, abin da ke aiki a gida ba a taɓawa sai da izini, abin da ya kwance kuma ya ɗauki hotonsa kafin ya cire komai ya jera kusoshin a murfin kwano dan ya iya mayarwa. Dan Allah ki ja masa kunne a kan abu uku, wannan maganar rai ce. Kar ya buɗe talabijin mai tudun baya, tana riƙe wuta mai ƙarfi a ciki ko an zare ta daga soket. Kar ya huda batirin waya ko ya lanƙwasa shi musamman wanda ya kumbura, wuta yake kamawa. Kar ya taɓa cikin komai yana jone da wutar gida. In babban hutu ya zo a kai shi wajen mai gyaran waya ko kwamfuta a kasuwa, mutumin da aka san halinsa aka san yana salla, kawunsa ya kai shi hannu da hannu kamar yadda ake kai yaro koyon ɗinki. Farko shara zai yi da miƙo kaya, haka kowa ya fara, amma irin yaronki wata ɗaya ya ishe shi ya fara canza bakin caji.

Abu na biyu shine wanda na fi so ki riƙe. A ce masa tunda kana son gem, yi naka mu gani. Akwai manhaja sunanta Scratch, jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da ita a 2007 dan yara, kyauta ce, akwai ta da Faransanci, kuma in an sauke ta a kwamfuta tana aiki ba intanet. Ba rubutu mai wahala bane, umarni ne kamar bulo bulo yaro yana jerawa, in an danna kaza matsa dama taku goma, in ka taɓa bango juyo, in ƙwallo ta shiga raga ƙara ɗaya. In babu kwamfuta a gida akwai Pocket Code da ke aiki a wayar Android, wata jami'a a Ostiriya ce ta yi shi, tsarinsu kusan ɗaya. Kinga wayar da ake shirin fasawa ita ce dai zata zama allon karatun. Na sha ganin abin da ke faruwa da yara a nan, yaro zai zo yana cewa shi lissafi baya shiga kansa, sai ya tashi sa ɗan wasansa ya yi tafiya ya tarar allon Scratch daga hagu zuwa dama lamba ce daga -240 zuwa 240, sama da ƙasa daga 180 zuwa -180, sai ka ga ya yi shiru, ashe lambobin nan masu alamar ragi da malam yake ta fama da su a aji ga inda suke aiki. Ya tashi auna nisan ɗan wasa da ƙwallo sai ga Pitagor, ƙa'idar lissafin alwatika, da ake koya musu a katriyem ɗin nan da yake ciki. Wani yaro a wajena sati biyu ya yi yana fama da ƙwallon da ke ratsa bango ta wuce, ya ƙi in nuna masa, ranar da ya gano da kansa tsalle ya yi har ya ture kujera. Daɗin da ya ji ranar ya fi na cin kowane wasa, kuma wanda ya ɗanɗana shi sau ɗaya gem ɗin wasu yakan fara yi masa salam. In ya ƙware a wannan sai ya wuce Python, yaren rubuta manhaja da manya ke aiki da shi, shima ana iya rubuta shi a waya.

In yana da ƙanwa da ke zama gefensa tana kallo, a bar ta ta taɓa ita ma, a ajina na yamma sau da yawa 'yan matan sun fi haƙurin neman kuskure.

Ki ba shi labarin mutanen da suka bi hanyar, kuma ba sai an je nesa ba. A nan Kamaru Olivier Madiba ya kafa kamfanin Kiro'o Games a Yawunde, a 2016 suka fitar da gem mai suna Aurion, labarin sarauta da kaya da kamanni irin na Afirka, aka sayar da shi a kasuwar intanet ta duniya inda ake sayar da na Japan da Amurka, kuma da irin wutar nan tamu mai zuwa ta tafi suka yi aikin. A farkon 2017 wani yaro ɗan shekara 17 daga Bamenda, Nji Collins, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar rubuta manhaja ta Google ta 'yan makaranta. Minecraft da yara ke gina gidaje a ciki, mutumin Suwidin da ya ƙirƙiro shi Markus Persson tun yana ɗan shekara 7 ya fara rubuta umarni a kwamfutar babansa, a 2014 Microsoft ta sayi kamfanin dala biliyan 2.5 na Amurka. Ban kawo wannan dan ki sa ran biliyan ba, kuma kar ki bari shima ya sa. Abin da nake so ya ji shine duk cikinsu babu wanda ya isa can da bugawa, sun ajiye manet sun zauna sun koyi abu mai wuya.

Nan ne zaki kama shi a kan boko. Baɗi yana turwaziyem, aji huɗu kenan, ga BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a gabansa. In yana son wannan hanyar da gaske akwai sashen C na lissafi, akwai sashen TI na fasahar kwamfuta a wasu lise, wato manyan sakandare, akwai lise teknik inda ake F2 na lantarkin na'urori da F3 na wutar lantarki. Bayan bak, jarrabawar kammala sakandare, akwai Politeknik ta Jami'ar Marwa, akwai kwalejin fasaha ta IUT ta Ngawundare a Dang, duk a arewan nan tamu ba sai ya tsallaka kudu ba, amma da jarrabawar shiga ake shiga kuma lissafi da fizik ake dubawa, mai 9 baya wucewa. A faɗa masa haka ƙarara, ya san makin nan shine kuɗin motar zuwa inda shi da kansa yake so. Ku sa masa iyaka mai yiwuwa, zangon nan ya koma 11, na gaba 12, in ya cika a fara tara masa kuɗin tsohuwar kwamfuta ta hannu, shima yana zuba na gyaransa a ciki. Aikin ma yana nan yana jira, dubi yadda sola ta cika gari tunda ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ke ja baya da bazara wuta ta yi ta yawo, ga manyan tashoshin sola a Marwa da Gidar, ga wayoyi a hannun kowa har mai tallan goro, duk wannan kaya wani ne zai haɗa wani ne zai gyara.

Sai maigida. Hajiya kar ki yi masa wannan maganar a waya yana hanya, mutumin da ya kwana a layin Kusiri yana jiran tsallaka gada zuwa Injamena ga zafi ga gajiya ba abin da zai ji sai an saci kuɗi an faɗi jarrabawa. Kuma ki fahimce shi, tsoro ne yake magana a bakinsa, yana can yana haɗiyar ƙura dan yaron nan ya yi karatun da ya fi nasa sai ya ji ana zubarwa, a ganinsa gara ya ɗauke shi ya koya masa abin da ya sani da ya lalace a unguwa. Wannan ba mugun uba bane. Ki bari ya dawo ya yi wanka ya ci ya huta kwana ɗaya, ki fara da abin da kika riga kika yi, an canza lamba, ga takardar biyan bashi ya biya kaza saura kaza, waya a ɗakina take kwana, magariba a masallaci. Namiji in ya ga an riga an kama abu fushinsa yakan sauka rabi. Sannan ki tambaye shi cikin ladabi ko shi yana yaro bai taɓa ƙera motar kara ko ta gwangwani ba, ban taɓa ganin direban babbar mota da bai yi ba, barewa bata gudu ɗanta ya yi rarrafe, son ƙarfen nan a wajensa yaron ya gado. Kuma shi ya fi ni sanin cewa manyan motocin yanzu in sun tsaya sai an kira mai akwatin gwajin nan da makanikai ke cewa valiz ya jona kwamfuta ya karanta ciwon, ya san nawa ake biyan mutumin na aikin minti ashirin kuma ya san kwana nawa ake jiransa a hanya. Ki ce masa Alhaji wannan kujerar nake hango wa yaronka, a ba shi zango biyu, in bai gyaru ba maganarka ce. In akwai tocila ko rediyon mota ko cajar da ta lalace masa, ki sa ya miƙa wa yaron da hannunsa ya ce duba min wannan. In kina ganin maganar zata fi shiga ta bakin wani, ki samu yayansa ko limamin unguwa tun kafin ya iso.

Na lura har kika gama rubutu baki kama sunansa ba, ɗan fari ne na sani akwai alkunya, wataƙila zama ki yi doguwar hira da shi ma nauyi yake miki. Ba sai kin karya al'ada ba, kawu ko goggo ko kaka na iya ɗaukar zancen dokokin da yabon. Amma akwai abu ɗaya da nake roƙon ki yi da kanki. Rediyon nan naki da ya kwance, ki ɗauko shi ki ajiye masa a gabansa ki ce ina son jin labaran yamma a cikinsa, ko sati nawa zai ɗauka, in akwai abin da za a saya ya rubuto miki sunansa da kuɗinsa. Ki rubuto min abin da ya ce ya samu a ciki, in ya maƙale a wani wuri ki turo hoton allon ta shafin nan zan duba in faɗa masa inda zai sa mita. Allah ya dawo da Alhaji lafiya, a gaida yaran.